Abin da Na Goge da Burodi

Litinin, 17 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Likitan Sevilla ya ce in riƙa rubuta abin da hannuna ke yi kullum. To ga shi, likita: hannun dama bai yi komai ba. Yatsan tsakiya yana nan yadda yake tun Oktoba. Da na kai shi kusa da tsirkiya sai ya lanƙwashe ya shige tafin hannu kamar yaron da aka daka wa tsawa. Cokali yana riƙewa, allura ma yana riƙewa. Jita ce kawai ba ya so, bayan shekara arba'in da ɗaya muna tare.

Saura kwana ashirin da bakwai a yi taron cikar Baba shekara goma da rasuwa. Yau na ga takardar sanarwar manne a bakin kasuwa. Sunan ƙanena Anselmo a sama da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma, inda sunana ya zauna shekara ashirin da biyu, wata Nerea ce 'yar Bilbao. Za su kaɗa "Rijiya", kiɗan da Baba ya rubuta mana mu biyu. Ba wanda ya hau benen da nake ya faɗa mini. A bango na karanta, tsakanin tallan kifi da na maganin ɓera.

Maganar da Anselmo ya faɗa mini a mota ranar da muke dawowa daga wasanmu na Jaén, ba zan rubuta ta a nan ba.

Talata, 18 ga Afrilu, ƙarfe huɗu

Tunda dama ta ƙi, na koma kan hagu. Akwai aikin da hagu ke yi ita kaɗai ba ruwanta da kowa, wanda muke kira ligado. Iri biyu ne. Ko ki sauke yatsa a kan tsirkiya da ƙarfi ta yi kuka da kanta, ko ki fizge yatsan ƙasa-ƙasa ta yi kukan. Bugu da fizga, haka Baba ke cewa. Yatsa na ɗaya da na biyu, ɗaya da uku, ɗaya da huɗu, sannan uku da huɗu, inda maza ke zubar da hawaye.

Na zauna a kan hannun dama don kada ya sa baki. Awa ɗaya. Sautin ƙarami ne, amma na san gidan nan. Idan na buɗe tagar bene na zauna daidai saman rijiyar gidanmu, duk abin da na kaɗa sai ya gangara tsakar gida ya shiga ɗakin Baba, inda Anselmo ke gwaji da baƙuwarsa daga ƙarfe huɗu.

Na buɗe tagar.

Alhamis, 20 ga Afrilu, da hantsi

Goggo Araceli, ƙanwar Baba, tana ban ruwan tukwanen furanninta ta ɗago kai ta hango ni. Shekararta tamanin da uku, kunnenta kuwa ya fi na kyanwa.

"Fuensanta! Wannan ƙwas-ƙwas ɗin da kike yi da yamma, kiɗa ne ko ƙusa kike bugawa?"

"Motsa jini ne, Goggo. Likita ya ce."

"Likita ya ce ki buɗe taga?"

"Zafi nake ji."

"Zafi a Afrilu! Ke dai Allah ya shirye ki. Ubanki sak, har da taurin wuyan. Sauko ki karɓi dodon koɗi, na dafa da na'ana'a."

Na sauka na karɓa, don fushina bai kai ga dodon koɗin Goggo ba. Ƙofar ɗakin Baba a rufe take.

Asabar, 22 ga Afrilu, ƙarfe biyar

Yau suka iso shafi na uku. Na aje tawa jitar na kasa kunne.

Gara in rubuta wannan ko don likita ya san da wa yake magana. A shafi na uku, layi na sha ɗaya da na sha biyu, akwai gangara: fizga ce zalla daga saman wuyan jita har ƙasa, da ƙaramin yatsa da na kusa da shi, da gudu, ba wurin numfashi. Baba ya ce guga ne ya kuɓuce ya nufi ruwa. Ya rubuta ta a jita ta ɗaya, ta Anselmo, don shi ne namiji. Ƙaramin yatsan Anselmo na hagu kuwa ya karye tun yana ɗan shekara sha huɗu, a wurin ƙwallo, ya warke a karkace. Bai taɓa iya gangarar nan ba, ko sau ɗaya.

Ni na ɗauki fensir na gyara. Na kwaso gangarar na dawo da ita jitata, na tura masa 'yan sautuka masu sauƙi da za su sa hannunsa ya riƙa zirga-zirga a wuyan jita kamar shi ke aikin. Shekara ashirin da biyu. Ba mu taɓa yin maganar ba, ni da shi. Wata jarida a Granada ta taɓa yabon "hannun hagun Anselmo mai walƙiya". Ya yanke wurin ya sa a gilashi, yana nan rataye a bayan ƙofarsa.

Nerea kuwa abin da ke rubuce da tawada take kaɗawa. Da suka iso layi na sha ɗaya ta yi nata ta bar masa nasa. Na ji ya shiga, na ji ya yi tuntuɓe, na ji shiru. Sai muryarsa: "Mu koma daga sama, tsirkiyar nan sabuwa ce."

Tsirkiya! Na yi dariya har sai da na toshe baki da gefen riga.

Litinin, 24 ga Afrilu, ƙarfe huɗu da rabi

Na jira sai da ya yi tuntuɓe sau uku, sannan na kaɗa gangarar daga sama har ƙasa da hagu kaɗai. Sannu a hankali, kowane sauti tas. Na maimaita sau tara. Ƙasa ba wanda ya yi ko tari.

Laraba, 26 ga Afrilu, bayan abincin rana

Anselmo ya hau bene. Karo na farko ke nan tun Oktoba. Ya tsaya a bakin ƙofa da ledar lemo a hannu kamar mai zuwa dubiya asibiti.

"Yaya, ya jikin?"

"Jiki lafiya lau. Yatsa ɗaya ne, ba mutuwa na yi ba."

"Ni ban ce kin mutu ba."

"Takardar bakin kasuwa ce ta ce."

Ya aje lemon a kan kujera. Ya kalli silin, ya kalli takalminsa, ya kalli komai ban da ni. Tun yana yaro haka yake yi idan zai roƙi abu.

"Dama takardarki ta 'Rijiya' nake so ki ara mana. Nerea tana son ganin yadda kike jera yatsu."

"Ita ta ce?"

"Eh to… zai taimaka mata."

"Ita zai taimaka wa?"

"Yaya, don Allah."

Na gane lissafinsa sarai. Idan ya miƙa mata takardata, za ta bi fensirina ta ɗauke gangarar ba tare da ya buɗe baki ya ce ba zai iya ba. Kalma huɗu ce kawai: "Ban iya ba, Yaya." Da ya faɗe su da na ba shi takardar har da fensirin. Na ba shi lokaci. Na ɓare lemo ɗaya gabansa, na cinye, ina jira.

"Ba don ni ba," in ji shi, "don Baba."

"Zan duba inda na aje ta."

Tana kan tebur, tsakanina da shi, yana ganinta.

Alhamis, 27 ga Afrilu, da safe

Don Baba. A mota bai tuna da Baba ba.

Juma'a, 28 ga Afrilu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na yi.

A gidan nan ba a goge takardar kiɗa da roba, tana cin takarda. Baba ya koya mana da cikin burodin jiya: a ciro laushin, a murza shi ya dunƙule, a riƙa dannawa a hankali har ya shanye fensirin. Na sayi burodi jiya don wannan. Na zauna a teburin kicin na fara daga shafin farko.

Ban san yawan abin da na rubuta ba sai da na zo gogewa. Lambobin yatsu, kibiyoyi, inda zan ja numfashi, inda zan jira shi don yakan makara. A wani wuri na rubuta "kalle shi" da ƙananan baƙaƙe, ban ma tuna yaushe ba. Burodin ya yi baƙi ƙirin, na yar na ciro wani. Shafi na uku shi ya ci rabin burodin.

Da na gama takardar ta fito fes, tawadar Baba kaɗai, kamar ban taɓa zama a duniya ba. Na sa ta a ambulan na ba Goggo ta kai masa. Ɓarɓashin na watsa wa tattabaru a tsakar gida.

Daɗi na ji. Likita ya ce in rubuta gaskiya, to daɗi na ji, har na yi waƙa ina wanke kofi.

Asabar, 29 ga Afrilu, ƙarfe huɗu

Ba gwaji yau. Anselmo ya fita ya bugo ƙofar gida da ƙarfi har tukunyar fure ɗaya ta faɗo.

Talata, 2 ga Mayu, da yamma

Bororo ya fito a kan ƙaramin yatsana ya fashe. Na tsoma shi a ruwan gishiri na ci gaba. Kanta za ta fito, dama ita nake nema. Uku da huɗu a tsirkiya ta farko, sau ɗari. Hannu ba ya motsi, yatsa kaɗai ke aiki. Wanda ya rage a kan tsirkiya ya danne sosai, wanda zai tafi ya tafi da cizo.

Baba yana faɗin wannan muna zaune a bencin bakin rijiya. Lokacin jita ɗaya ce a gidan duka, mu kuma biyu, kullum faɗa. Sai ya ɗora ta a cinyar Anselmo ya ce shi ne hannun dama, ni in zauna a hagunsa in riƙe wuyan, ni ce hannun hagu. Duk wanda ya yi kuskure ɗayan ne ke shan ranƙwashi. Na sha ranƙwashi saboda yaron nan har kaina ya yi ƙulu-ƙulu.

Ban san me ya kawo wannan ba. Aikin yatsa nake rubutawa.

Alhamis, 4 ga Mayu, ƙarfe shida

Yanzu shi kaɗai yake zama tun ƙarfe biyu, kafin ta zo. Gangarar kawai, sama da ƙasa, sama da ƙasa. Ashe ya ƙudura shi zai kaɗa ta da kansa.

Ina jin kuskurensa ta cikin bene kamar ina riƙe da hannun. Ɗaga yatsan yake yi sama maimakon ya fizge shi ƙasa, shi ya sa sautin ke fita kamar na mara lafiya. Kuma da gudu yake farawa. Wanda bai iya tafiya ba yana tsere. Akwai hanya: ya bar ƙaramin yatsan ya huta, ya yi da na uku da na ɗaya, ya riƙa zamewa. Ba zai yi kyau kamar nawa ba, amma zai kai ƙasa da mutuncinsa. Minti goma ya isa in nuna masa.

Na kaɗa masa ita sau goma sha biyu ta taga, da uku da huɗu.

Asabar, 6 ga Mayu, da hantsi

Goggo ta hau bene da kanta, tana haki, tana zagin matakala ɗaya bayan ɗaya.

"Ke, kin ga hannun ɗan'uwanki kuwa? Jiya a kwanon ƙanƙara ya tsoma shi yana cin abinci da ɗaya."

"Ni wata shida nake ci da ɗaya, Goggo. Wa ya hau bene?"

"Ni ban hau ba?"

"Ke daban."

"Me ya ce miki a motar nan ne? Kullum mota, mota. Faɗa mini in je in ja masa kunne, ko gemunsa ya kai ƙirji."

"Ki tambaye shi."

"Na tambaya. Ya ce ya manta."

Ya manta! Na tashi na buɗe taga ban ma san na tashi ba. Goggo ta bi ni da ido.

"Idan ya ji kunya ranar taron nan a gaban duk Córdoba, sunan wa za a kira? Sunan Cipriano za a kira, yayana, yana kwance a kabari. Ku biyu kun girma kun tsufa ba ku yi hankali ba."

"A Jaén sunan wa aka kira?"

Goggo ta juya. Ta ɗauki lemo ɗaya cikin nasa da suka fara yanƙwanewa, ta sa a aljihu ta sauka.

Lahadi, 7 ga Mayu, bayan coci

Jaén. Tunda kowa ya manta bari ni in tuna. Shafi na biyu, yatsan ya lanƙwashe ya ƙi buɗewa. Na tsaya cak a gaban mutum ɗari uku. Shi kuwa ko waiwayowa bai yi ba. Ya ci gaba da kiɗansa, ya haɗa da nawa, ya kai ƙarshe shi kaɗai ya tashi ya karɓi tafi, ina zaune kusa da shi kamar buhun da aka manta a tasha. Sannan mota.

Saura mako ɗaya.

Talata, 9 ga Mayu, ƙarfe uku

'Yar Bilbao ta zo. Na so in tsane ta, ta ƙi ba ni dama. Doguwa ce, ba kwalliya, faratanta na dama a gyare tsaf, magana kuma kai tsaye kamar duk mutanen arewa.

"Malama Fuensanta, ba zan ɓata miki lokaci ba. Ba zai iya layi na sha ɗaya ba."

"Ke kika faɗa."

"Tun makon farko na gane. Na ce ya bar mini, ya ce mahaifinsa shi ya rubuta wa. Tun ranar da takardarki ta zo a goge ko tayin ba ya so ya ji. Jijiyar hannunsa ta kumbura. Idan ke kika sauka kika ce ya bari, zai bari."

"Ni wa? Sunana ba ya bango."

Sai ta buɗe jaka ta ciro takardarsa, tasa ta jita ta ɗaya, ta shimfiɗa a teburina.

"Na ɗauko ba da saninsa ba. Akwai abin da ban gane ba da farko."

Fensir ko'ina. Rubutunsa mai kama da tafiyar kaza. Na sa tabarau. A shafi na biyu, duk inda jitata ke da aikin yatsan tsakiya na dama da sauri, ya kwashe rabin sautukan ya dawo da su wurinsa. Ba a "Rijiya" kaɗai ba, ta nuna mini wasu takardu huɗu. A gefe yakan sa kwanan wata, halinsa ne. Mafi tsufa shekara uku ke nan.

Shekara uku. Ni a Oktoba na san yatsan ya lalace. Kafin nan na ɗauka gajiya ce, na ɗauka ina ɓoyewa da kyau. Ina jin kiɗan yana cika, ina cewa ashe har yanzu da saurana.

"Ya taɓa faɗa miki?" in ji ta.

"A gidan nan ba a faɗin komai. Fensir ake sawa."

"To za ki sauka?"

Na ninke takardun na miƙa mata. Na ce ta gaida mutanen Bilbao.

Laraba, 10 ga Mayu, da safe

Wato shekara uku yana kallona ina nitsewa yana murmushi. Ya sani, bai ce in je asibiti ba. Da ya faɗa da wuri wataƙila da an ceto yatsan. Tausayi ne? Wa ya roƙe shi tausayi?

Laraba, ƙarfe biyar

Ni ma shekara ashirin da biyu ban ce masa ya gyara nasa ba. Wannan daban ne. Ban san ta yaya ba, amma daban ne.

Juma'a, 12 ga Mayu, ƙarfe biyu da rabi

Na feƙe fensir. Duk abin da na goge yana kaina, lamba ɗaya ba ta ɓace ba, rabin awa ya isa in mayar. Na sauka har matakala ta huɗu daga ƙasa. Ƙofarsa a buɗe take kaɗan, ina hango bayansa, ya sunkuya a kan jita, wuyan hannun hagu ɗaure da bandeji. Gashin ƙeyarsa ya yi fari, ban lura ba sai yau.

Ya ji takuna. Bai juyo ba ya ce, "Idan kin zo kallo ne, Yaya, ki bari sai Lahadi. An aje miki kujera a gaba."

Da muryar mota ya faɗa.

Na koma sama. Na buɗe taga. Sau ashirin, har yatsan ya sake tsagewa ya ɓata mini tsirkiya da jini.

Asabar, 13 ga Mayu

Na goge baƙar rigata. Hagu lafiya. Dama yadda take.

Lahadi, 14 ga Mayu, ƙarfe uku na rana

An yi a tsohon zauren 'yan zuhudu da ƙarfe sha biyu. Wurin ya cika har da na tsaye. Tsofaffin ɗaliban Baba sun zo daga Málaga da Almería, kowa sai ya riƙe hannuna na dama da hannu biyu yana girgiza kai kamar gaisuwar mutuwa. Hoton Baba a kan kujera da furanni. Ni da Goggo a layin gaba.

Shafin farko ya yi kyau. Na biyu ma. Yarinyar ta iya, ba zan ci haƙƙinta ba. Da aka juya shafi na uku na ji yatsuna na hagu sun fara tafiya da kansu a kan gwiwata.

Ya shiga gangarar. Sauti shida na farko sun fita, har na ce a raina ko zai kai. A na bakwai ƙaramin yatsan ya zame daga tsirkiya. Ya sake kamawa, ya sake zamewa. Sai hannun ya tsaya a wuyan jitar, a buɗe.

Nerea ta tsaya ita ma. Ladabi ne, haka aka koya mata: abokin kiɗa ya faɗi, a jira shi. Ta ɗora tafinta a kan tsirkiyoyi ta juyo tana kallonsa.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Mutum ɗari huɗu, ana jin kukan tsuntsaye a waje. Kowa ya ga wanda ya faɗi, kowa ya ga inda ya faɗi, an ba su lokaci su ƙare masa kallo. Wata a bayana ta ce "Wayyo, bawan Allah." Ya sunkuyar da kai yana kallon hannun kamar ba nasa ba. Na san kallon nan.

Ina zaune ina ihu a cikina: ki ci gaba mana, 'yar banza! Ki rufe shi! Ki haɗa da nasa ki kai ƙarshe, rabinsu ba za su ma gane ba!

Sai na ji abin da nake cewa.

A Jaén ba a yi shiru ba ko na daƙiƙa ɗaya. Bayan an tashi har wata mata ta ce mini ta ji daɗin yadda na bar wa ƙanena ƙarshen shi kaɗai. Wata shida ina riƙe da maganarta a matsayin zagi.

Sun koma daga layi na sha uku suka ƙarasa. An tafa irin tafin da ake yi wa mara lafiya. Goggo ba ta tafa ba, ba ta kuma kalle ni ba har muka iso gida.

Abin da na so ke nan. Kwana ashirin da bakwai ina gina shi, ya kuma fito yadda na zana, ba abin da ya ragu. Na kasa cin abinci.

Litinin, 15 ga Mayu, ƙarfe huɗu

Ba kiɗa a ƙasa. Ban taɓa jita ba. Nerea ta bi jirgin safe.

Talata, 16 ga Mayu, ƙarfe huɗu

Shiru. Gilashin jaridar Granada yana cikin kwandon shara a bakin ƙofa, Goggo ta ciro ta goge ta kai ɗakinta.

Laraba, 17 ga Mayu, ƙarfe shida

Ƙarfe huɗu na ɗauki jita don hannu ya saba, na buɗe taga don hannu ya saba. Ban kai ga kaɗa komai ba na ji taku a matakala.

Ba lemo wannan karon. Hannun hagu a naɗe har gwiwar hannu, rataye a wuya.

"Likita ya ce wata uku," in ji shi. "Wataƙila fiye."

"Ɗaga yatsan kake yi. Fizgewa ake yi."

"Na sani. Ina jin ki ta taga."

Ya tsaya. Na tsaya. Sannan ya ce, yana kallon silin, "Ban iya ba, Yaya. Ban taɓa iyawa ba."

Ga su nan, kalmomin da na jira, har da ƙari. Sun zo bayan ba su da sauran amfani ga kowa. Na so in ce wani abu a kan shafi na biyu da shekara uku. Bakina ya ƙi, irin na gidanmu.

"Matsa," in ji shi.

Ya zauna a benci ya janye jitar daga cinyata ya ɗora a tasa. Na koma hagunsa na kama wuyan. Hannuna na dama na rasa inda zan kai shi, sai na ɗora a bayansa kamar da. Daga sama muka fara. Muni kam ya yi muni, shekara arba'in rabonmu da wannan. A layi na sha ɗaya ya bugi sautin farko ya janye hannu, na gangara ni kaɗai har ruwa. Ya makara wurin shigowa a na sha uku, na ranƙwashe shi.

Daga tsakar gida Goggo ta ɗaga murya: "Wa ke kashe kyanwa a sama?"

Bai ambaci mota ba. Ni ma ban ambata ba, kuma kada likita ya ɗauka na yafe. Ban yafe ba. Shi ma ban tambaye shi ko ya yafe Lahadi ba, don ina tsoron amsar.

Alhamis, 18 ga Mayu, ƙarfe huɗu

Ya zo da fensir. Na tashi na rufe taga.